Dattijai masu binciken kisa a labaran Kirsimeti

Labarin kisa na lokacin Kirsimeti reshe ne na ƙagaggun labaran bincike da ya kafu a adabin Ingilishi, musamman a Birtaniya da Amurka, tun daga shekarun 1920 da 1930. A irin wannan labari ana kashe wani ne a tsakiyar hutun ƙarshen shekara, lokacin da dangi da baƙi suka taru a gida ɗaya. Sau da yawa kuma wanda ke tona asirin mai laifin mutum ne da bincike ba sana'arsa ba ce: tsohuwa da ba ta taɓa aure ba, ko gwauruwa, ko malamin makaranta da ya yi ritaya, ko ɗan kasuwa da ya rufe shago ya koma gida. Ba shi da kaki, ba shi da ikon kama kowa, ba mai biyansa. Jarinsa shekaru ne, da sanin halin ɗan Adam, da kuma yadda mutane ke raina shi har su saki baki a gabansa. Masu sayar da littattafai na sanya wannan reshe cikin rukunin da Turawa ke kira "cosy crime", wato labaran laifi da ba a cika bayyana jini ko azabtarwa a cikinsu ba.

Asali

Jijiyoyi biyu ne suka haɗu suka haifi wannan salo, kuma kowacce ta daɗe tana tafiya ita kaɗai kafin su gamu.

Ta farko al'adar Ingila ce ta ba da labarai masu sa tsigar jiki tashi a daren hunturu. A zamanin Sarauniya Biktoriya mujallu kan fitar da bugu na musamman a ƙarshen shekara, cike da labaran fatalwa da na laifi, domin a karanta wa iyali a gefen murhu. Labarin Sherlock Holmes na farko ma, A Study in Scarlet, a irin wannan bugu ya fito, wato Beeton's Christmas Annual na 1887. A Janairun 1892 Arthur Conan Doyle ya sake fitar da wani labarin Holmes inda aka tsinci dutse mai daraja a cikin dinyar da aka tanada domin girkin Kirsimeti. G. K. Chesterton shi ma ya kai limamin cocinsa, Father Brown, wani gida da ake shagalin biki a cikin labarin The Flying Stars na 1911. Labaran biyu na ƙarshe dai sata ce, ba a zubar da jini ba, kuma an bar ɓarawon ya tafi da fatan zai tuba.

Jijiya ta biyu ita ce tsohuwa mai sa ido. Marubuciyar Amurka Anna Katharine Green ce aka fi dangantawa da fara ta, a littafin That Affair Next Door na 1897, inda Amelia Butterworth, wata mai hali da ba ta yi aure ba a birnin New York, ta hango shigar wasu mutum biyu gidan maƙwabta da tsakar dare ta tagarta, ta kuma ƙi barin maganar ga ɗan sanda Ebenezer Gryce shi kaɗai. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya irin wannan mace ta yawaita a zahiri. Ƙidayar 1921 ta nuna mata sun fi maza yawa da kusan miliyan 1.7 a Ingila da Wales, kuma yaƙin ya ƙara faɗaɗa wannan gibi. Kowane ƙauye na da matan da suka tsufa ba aure, suna hidimar coci, suna kula da 'ya'yan 'yan'uwa, sun kuma san cikin kowane gida. Marubuta ba su sha wahalar neman samfuri ba. Cikin 'yan shekaru kaɗan aka samu Miss Marple ta Agatha Christie a 1927, da Miss Silver ta Patricia Wentworth a 1928, da Mrs Bradley ta Gladys Mitchell a 1929, sai Hildegarde Withers, malamar makaranta a New York, wadda Stuart Palmer ya ƙirƙira a 1931. Ba dukansu ne 'yan sa-kai tsantsa ba: Miss Silver na karɓar kuɗin aikinta, Mrs Bradley kuwa likitar ƙwaƙwalwa ce da hukuma ke neman shawararta. Marple ce ta zama ma'aunin da ake auna sauran da shi.

Miss Marple da hular da ta ƙi shiga

Jane Marple ta fara bayyana a gajeren labari a mujallar Royal Magazine a Disambar 1927, sannan a littafi cikakke, The Murder at the Vicarage, a 1930. Gaba ɗaya ta fito a littattafai 12 da gajerun labarai 20. Mazauniyar ƙauyen St Mary Mead ce, wanda babu shi a taswira. Christie ta bayyana a tarihin rayuwarta cewa ta ɗauko ta ne daga irin tsofaffin ƙawayen kakarta, kuma kakar tata mace ce mai fara'a amma kullum tana zaton mafi muni daga kowa, sau da yawa kuma zatonta na fitowa daidai.

Labarin da ya fi dacewa da wannan maudu'i shi ne A Christmas Tragedy, wanda ya fito a mujalla a 1930, aka kuma haɗa shi cikin tarin The Thirteen Problems a 1932. Ya cancanci a bi shi daki-daki, domin kusan duk kayan aikin salon suna cikinsa.

Marple ce da kanta ke ba da labarin bayan cin abincin dare, a gaban mutanen da suka haɗa da Sir Henry Clithering, tsohon shugaban 'yan sandan Scotland Yard. Ta je wani otal na masu neman lafiya da ruwan ma'adinai, ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti. A nan ta haɗu da wani Mista Sanders da matarsa Gladys, kuma tun ganin farko ta ji a jikinta cewa mutumin nan zai kashe matarsa, domin ya tuna mata wani da ta sani wanda matarsa ta faɗa kogi ya karɓi kuɗin inshora. Ba ta da hujjar da za ta kai wa kowa. Wata rana a motar layin dogo mai hawa biyu ta cikin gari, Sanders ya yi kamar ya yi tuntuɓe a matakala ya faɗa kan matar, ta gangaro, Allah ya sa kwandasta ya tare ta. Marple ta lura cewa mutumin tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne, wanda girgizar mota ba za ta kayar da shi ba. Daga hira da Gladys ta gane cewa kuɗin matar suke ci, kuma kowannensu ya rubuta wasiyyar barin dukiyarsa ga ɗayan.

Sai mutuwa biyu ta auku a otal ɗin, wadda ba hannun kowa: mai gadin ƙofa ya rasu da ciwon huhu, wata 'yar aiki mai suna Mary kuma ta rasu bayan ciwon yatsa ya shiga jininta. Da yamma Sanders ya roƙi Marple da wasu mata biyu su hau ɗakinsa su taya shi zaɓen kyautar Kirsimeti ga matarsa. Da buɗe ƙofa suka ga mace kwance rub-da-ciki, sanye da tufafin Gladys, da hula a kanta. Marple ta taɓa hannunta ta ji ya yi sanyi, ta hana mijin kusantar gawar, ta sa aka kulle ɗakin. 'Yan sanda suka bincika suka tarar Sanders na da shaidu a kan duk inda ya kasance tun daga lokacin da aka ga matar da rai har zuwa lokacin da aka ga gawar. Ya fita daga zargi.

Abin da ya tsaya wa tsohuwar a rai ƙarami ne. Da ta fara ganin gawar, hular na kan kai. Da aka sake buɗe ɗakin, hular na gefe a ƙasa. Ta nemi a gwada sa wa mamaciyar hular, sai ta ƙi zama. A nan asiri ya tonu: gawar farko ta Mary ce, wadda ke kwance a wani ɗaki kusa ana jiran masu ɗauka. Sanders ya sa mata kayan matarsa, ya rufe kanta da hularta ta kanta domin akwatin hulunan Gladys a kulle yake. Bayan kowa ya shaida "mutuwar", sai ya fita kamar mai jimami, ya tari matarsa da ranta, ya hau da ita ta matakalar bayan gini, ya kashe ta, ya sauya gawarwakin. An rataye Sanders.

Abin lura shi ne Marple ba ta ba da wannan labari da alfahari ba. Ta san za a yi kisan, ta yi niyyar gargaɗin matar a wannan dare, aka riga ta. Hasali ma a lokacin da take tsaye tana tsare gawar da ta ɗauka ta Gladys ce, Gladys na nan da rai. Wannan nauyi na wanda ya gani amma ba a jin maganarsa shi ne ya raba labarin da wasan ƙwaƙwalwa kawai, kuma a ganin mai wannan maƙala shi ne abin da mafi yawan masu kwaikwayon Christie suka kasa ɗauka.

A 1957 Christie ta koma wannan lokaci na shekara a littafin 4.50 from Paddington. Wata dattijuwa, Mrs McGillicuddy, na dawowa daga sayayyar Kirsimeti a Landan cikin jirgin ƙasa, sai wani jirgi ya zo daidai da nasu, labulen taga ya ɗage, ta ga namiji na shaƙe mace. Mai duba tikiti ya ɗauka mafarki ta yi. Ba a ga gawa a jirgi ko a gefen layi ba, 'yan sanda suka rufe magana. Ƙawarta Marple ce kaɗai ta yarda da ita. Ta hau jirgin da kanta, ta nemi taswira, ta gano kwanar da za a iya jefar da gawa ta gangara cikin filin wani tsohon gida. Da yake ƙarfinta ya ƙare, sai ta ɗauki wata budurwa mai kaifin basira, Lucy Eyelesbarrow, ta shiga gidan a matsayin mai aiki, ita ce ta gano gawar a cikin wani tsohon akwatin dutse a rumbu.

Abin da bikin ke ba marubuci

Mai labarin bincike na buƙatar mutane ƙalilan, a wuri ɗaya, kowanne da dalilin ƙin mamacin. Kirsimeti na ba shi wannan a ɓagas. Kamar yadda Sallah ke dawo da na nesa gidan gado, haka wannan biki ke tara 'ya'ya da surukai da jikoki a gidan uba, har da waɗanda suka shekara ba sa ga-maciji da juna. Ba wanda zai iya ƙin zuwa, ba wanda zai iya tafiya kafin a gama. A ƙarshen Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, dare ya yi tsawo. Idan dusar ƙanƙara ta sauka sai hanya ta toshe, wayar tarho ta yanke, 'yan sanda su kasa isowa, dole wani daga cikin gidan ya fara tambaya. Ita dusar kuma tana riƙe sawun ƙafa, don haka idan babu sawu a waje, mai kisan na ciki. A zahiri ba kasafai ake samun dusa mai yawa ranar Kirsimeti a kudancin Ingila ba, amma a littattafai kusan kowace shekara tana sauka.

Sai maganar gado, wadda mai karatu Bahaushe ke buƙatar ƙarin bayani a kanta. A shari'ar Musulunci wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma rabon magada a ƙayyade yake. A dokar Ingila kuwa, har zuwa 1938 mutum na da ikon barin dukiyarsa kacokan ga wanda ya ga dama, ya hana 'ya'yansa ko sisi, kuma dokar da aka yi a shekarar ta ba kotu dama ce kawai ta yanka wa wasu na kusa abin rayuwa. Saboda haka attajirin tsoho da ya ce gobe zai kira lauya ya sauya wasiyya ya ba kowa a teburin dalilin so ya mutu a daren. Haka Simeon Lee ya yi a Hercule Poirot's Christmas na 1938, aka yanka shi a jajiberin biki a ɗaki kulle. Christie ta sadaukar da littafin ga mijin yayarta, James Watts, wanda ya yi ƙorafin cewa kashe-kashenta sun cika tsabta. Poirot, mai binciken littafin, ƙwararre ne, tsohon ɗan sandan Beljiyam, don haka ba ya cikin 'yan sa-kai. Dokar Ingila da shari'ar Musulunci sun haɗu a wuri ɗaya: wanda ya kashe ba ya cin gadon wanda ya kashe, shi ya sa mai kisan ke buƙatar laifin ya faɗa kan wani.

Kayan bikin su kansu kan zama kayan laifi. Rigar Father Christmas (dattijon almara mai raba wa yara kyauta), ja mai farin gemu, na ɓoye fuskar kowa. Kyaututtuka a naɗe suke, ba a san abin da ke ciki ba. Abinci da abin sha na yawo daga hannu zuwa hannu, abin da ya dace da Christie, wadda ta yi aikin haɗa magunguna a asibitin Torquay lokacin yaƙin farko ta kuma san guba sosai.

Tsufa a matsayin dabara

Ƙwararren mai bincike na aiki da sawun yatsa da rahoton likita. Tsohuwar na aiki da kamance. Idan Marple ta ga baƙo, sai ta tuna wani a ƙauyensu da ya taɓa yin irin abin da yake yi, mai sayar da kifi ko yaron mawaƙan coci, ta ce halin mutum ɗaya ne ko'ina. Matasan da ke wurin kan yi murmushi su ɗauka rikicin tsufa ne, har sai kamancen ya fito daidai. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, kuma kusan kowane littafi na wannan salo a kan haka aka gina shi.

Akwai kuma rashin ganuwa. Tsohuwa da ke zaune a lungu tana saƙa ba wanda ke rage murya dominta. Tana iya tambayar kuku, da 'yar aiki, da matar limamin coci abin da ɗan sanda ba zai samu amsarsa ba, domin kowa ya san tsofaffi da son jin ƙwaƙwaf. Ta san abubuwan da maza masu kaki ba su kula da su ba: wace hula ke shiga wane kai, yaushe ake share murhu, wace mace ce ba za ta taɓa sa wannan riga ta je wancan wuri ba. Rauninta na gaske ne kuma. Ba ta iya gudu, ba ta iya kokawa, dole ta jingina da wani matashi ko wani sufeto da ya koyi girmama ta. Kuma hukuncin ƙarshe ba a hannunta yake ba, sai ta miƙa wa hukuma.

Maza ma sun samu gurbi. A Mystery in White na J. Jefferson Farjeon, 1937, dusar ƙanƙara ta tsayar da jirgi a jajiberin Kirsimeti, wasu fasinjoji suka taka da ƙafa suka tarar da gida ba kowa, ga wuta na ci a murhu, ga shayi a tebur. Dattijo Edward Maltby, mai nazarin al'amuran fatalwa, shi ya warware abin da ya faru. A Murder for Christmas na Francis Duncan, 1949, mai binciken shi ne Mordecai Tremaine, tsohon mai shagon taba da ke son karanta mujallun soyayya, gawar kuma an same ta ne a gindin bishiyar Kirsimeti cikin rigar Father Christmas. Cyril Hare ya yi abin da ya fi waɗannan zurfi a An English Murder na 1951, inda mai gano gaskiyar shi ne Dakta Bottwink, masanin tarihi Bayahude da ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, baƙon da mutanen gidan ke kallo a kaikaice, amma ya fi su sanin dokokin ƙasarsu.

Talabijin da farfaɗowa

Shekaru da dama kamfanin Collins na fitar da sabon littafin Christie gab da ƙarshen shekara, yana tallarsa da taken "A Christie for Christmas", har sayen littafin kisa domin kyautar biki ya zama al'ada. Allo ya ƙara yaɗa ta. Margaret Rutherford ta fito a matsayin Marple a fim a 1961, Joan Hickson kuma ta riƙe matsayin a BBC daga 1984 zuwa 1992, inda aka nuna wasu sassan a ranakun hutun Kirsimeti. A Amurka, shirin Murder, She Wrote na tashar CBS ya gudana daga 1984 zuwa 1996, kashi 264, da Angela Lansbury a matsayin Jessica Fletcher, gwauruwa kuma tsohuwar malamar Ingilishi a wani garin bakin teku na jihar Maine.

A 2014 Laburaren Birtaniya ya sake buga Mystery in White, wanda aka daɗe da mantawa da shi, ya kuma yi kasuwar da ba a zata ba. Daga nan masu buga littattafai suka shiga tono tsofaffin labaran hunturu, ciki har da na Duncan da aka sake fitarwa a 2015.

Suka da sabon salo

Tun 1944 marubucin labaran bincike Raymond Chandler ya soki irin waɗannan labarai a maƙalarsa The Simple Art of Murder, yana ganin sun raba kisa da mutanen da ke aikata shi a zahiri, sun mai da shi wasan falo. Akwai gaskiya a sukar. Masu aikin gida a yawancin tsofaffin littattafan ba su da murya, baƙo ɗan wata ƙasa shi ake fara zargi, kuma gawar Mary a labarin da aka kawo a sama kayan aiki ce kawai a hannun mai kisa, ba wanda ya tsaya yi mata kuka. Marubucin waƙoƙi W. H. Auden, a maƙalarsa ta 1948, ya kalli abin ta wata fuska: a wurinsa labarin na nuna al'umma mai kama da mai tsarki da laifi ya ɓata, sai an fitar da mai laifin kafin zama ya koma daidai. Haka nan tsofaffin nan ba su da sanyin hali kamar yadda saƙarsu ke nunawa. Kafin a dakatar da hukuncin kisa kan laifin kisan kai a Birtaniya a 1965, wanda Marple ta nuna da yatsa igiya ce makomarsa, kuma ta sha faɗin cewa hakan ya dace.

Marubutan wannan ƙarni sun sauya wurin zama. A The Thursday Murder Club na Richard Osman, 2020, masu binciken mutum huɗu ne mazauna wani rukunin gidajen 'yan ritaya a yankin Kent: tsohuwar jami'ar leƙen asiri, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, tsohon shugaban ƙungiyar ƙwadago, da likitan ƙwaƙwalwa haifaffen Masar mai suna Ibrahim. Littafi na huɗu a jerin, The Last Devil to Die na 2023, ya buɗe ne jim kaɗan bayan Kirsimeti, aka kashe wani abokinsu mai sayar da kayan tarihi. Marple ta tsufa a littattafanta, amma hankalinta bai taɓa gushewa ba. Osman kuwa ya ba da babban kaso na wannan littafi ga mijin ɗaya daga cikin masu binciken, wanda cutar mantuwa ke cin ƙwaƙwalwarsa yana ji yana gani, matarsa na bin sawun mai kisa da rana, tana jinyarsa da dare.